Yaƙin Mantau da Kututturen Kalgo

Da sunan Wanda ya halicci yashi, ya kuma halicci masu taya shi aiki. Wannan tarihin Mantau ne ɗan Cindo, jikan Nomau Mai Gatari Biyu, tattaɓa-kunnen Barau wanda ya kayar da kuka shi kaɗai don inuwarta ta yi masa yawa, zuriyar da tun kafuwar Tudun Faru ba a taɓa jin itace ya kwana lafiya a gonarta ba. Mantau na Gwamma, gatari ƙanen tsawa, gobara daga gona, namijin duniya mai tari kaji su watse! Farun ma da aka sa wa garin sunansa, a murhunsu ya ƙare.

Amma ba'adu. A shekarar da yashi ya haɗiye rijiyar arewa ya fara leƙen filin Idi, malamin gona Malam Sabitu ya zo bisa babur, ya tara jama'a a ƙofar dagaci, ya yi dogon bayani kan yaƙi da hamada. Ya ce bayan mako uku zai dawo duba gonaki, wanda tasa ta fi a naɗa shi Sarkin Dashe, a ba shi baro sabo fil mai tayar roba. Mantau yana wurin. Sai dai bakinsa ya fi kunnensa aiki. Lokacin da malamin ke faɗin yadda za a yi, shi yana ba na kusa da shi labarin kakansa. Abu biyu ya tsinta, sarauta da baro. Sauran ya cike da ilimin gado, cewa gonar kirki ita ce wadda ko tsinke babu a cikinta.

To a kusurwar arewa ta gonarsa akwai abokin gaba na kaka da kakanni, kututturen kalgo. Nomau ya sare shi, ya toho. Cindo ya sare shi ya cinna masa wuta, ya toho. Mantau kansa duk sassabe sai ya yi masa aski, kafin wata ya zagayo sai ga rassa kore shar ko sama ba ta zubo ɗigo ba, domin saiwarsa ta nutse can ƙasa inda danshi yake ɓoye. Yashin da iska ke korowa kuwa, a gindinsa yake tsayawa. Mantau bai taɓa tambayar dalili ba. Tambaya ba ta cikin gadonsu.

Ranar Asabar, bayan ya ga bayan kwanon koko, sai gwarzon ya yi ɗamara da tsohon rawani, ya saɓa gatari, ya ɗauki diga da dagi, ya rataya gorar ruwa, ya fito da takun da ya firgita agwagwa biyu da wani kare mai ciwon ƙafa. Matarsa Gwamma tana tankaɗe, ta ɗago kai.

"Malam, wa ya rasu kuma, ka kwaso kayan haƙa?"

"Yau ko ni ko kalgo!"

"To, Allah ya ba mai gaskiya sa'a."

Aka ja daga da hantsi. Ya kai sara na farko da kabbara, na biyu da kirarin Nomau, na uku gatarin ya fice daga ƙota ya yi gabas, aka yi sulhu na ɗan lokaci don nemansa. Ya dawo ya yi wa abokin gaba ƙawanya da rami, ya haƙa har gwiwa, ya haƙa har ƙugu, rana ta bazara tana dukan ƙeyarsa, gumi yana kwarara kamar an fasa tulu, rundunar cinnaku ta kawo wa kalgo ɗauki ta ƙafar wando, sadaukin bai ja da baya ba sai gwargwadon tsalle uku da ihu ɗaya.

Maƙwabcinsa na gona shi ne Jatau, ragon da duk Tudun Faru ta yi ittifaƙi a kansa. Shi ya saurari malamin gona har ƙarshe, tunda sauraro ba ya sa gumi. Abin da ya yi bai wuce zagaya kututturan gonarsa da 'yar wuƙa ba. Kowanne ya bar masa reshe biyu ko uku mafi ƙarfi, ya rage sauran, ya koma tabarma. Daga kwance ya ɗaga murya.

"Mantau, ƙyale shi mana. Ai mai rai ne."

"Shi ya sa!" in ji jarumin daga cikin rami. "Kai dai ci gaba da kiwon macizai!"

Kwana uku ana gwabzawa. A na ukun, da la'asar sakaliya, bayan tafin hannu ya yi bororo, ƙugu ya riƙe, wando ya yi shahada ta baya, dagi ya sami uwar saiwa, mai kaurin cinyar ƙato, tana fitar da ruwa a tsakiyar watan da ko kwaɗo ba ya samun na wanke ido. Ya datse ta. Abin da fari uku da gatari uku suka kasa, Mantau ya yi shi. Ya hau kan gawar ya yi kururuwar nasara, babu mai ji sai Jatau, shi ma barci ya ɗauke shi.

Ya jawo ganima gida da igiya ya miƙa wa Gwamma. A ramin kuma ya dasa darbejiya ta cikin leda da ya sayo a kasuwa, tsawonta taƙi ɗaya, ganyenta shida. Kullum ya saɓo mata jarka daga rijiyar kudu, yashi ya shanye kafin ya miƙe tsaye.

Ranar alƙawari ya sha babbar riga, ya sa aka yanka zakara. Malam Sabitu ya tsaya a bakin gonar ya duba gabas ya duba yamma. Fes, kamar kan jariri. Iska tana wasa da rairayi daga wannan iyaka zuwa waccan babu mai ce mata kanzil. Malamin ya girgiza kai, Mantau ya ɗauka kwarjini ne. Ya ja shi gida cin tuwo.

Suna zaune hayaƙi ya turnuke tsakar gida. Malamin yana tari ya ce, "Baba Mantau, ran nan na hango wani kalgo a kusurwar gonarka, duk garin nan babu kamarsa. Saiwar ta fi shekara hamsin, ba ta neman ban ruwa, ba ta tsoron fari. Reshe biyu za ka bar masa, shekara uku ka zauna inuwa. Yau ban gan shi ba. Ina yake?"

Mantau ya saci kallon murhu. Gwamma ce ta amsa daga murhu.

"Ai ga shi nan ƙarƙashin miyarka, Malam. Ka yi haƙuri da hayaƙin, ɗanye ne."

Hawaye suka zubo wa jikan Nomau. Masu tarihi sun yi saɓani, wasu suka ce hayaƙi ne.

Da yamma aka naɗa Jatau Sarkin Dashe. Sai da aka tashe shi. Ya karɓi baron ya gwada kwanciya a ciki, ya ce ba laifi.

Darbejiyar ta ƙara kwana tara a kan mulki. A na goma Mantau ya tarar da ita tsaye babu ganye, yashi ya kai mata wuya. Ya tumɓuke ta da yatsu biyu, ya ce aƙalla a yi asuwaki. Ya sa a baki, ta karye.