Amfilifayar Da Ake Koya Wa Cin Wutar Faransa

A garin Lafayette na Amurka kowa ya san tsoho Alcide zai iya ara maka motarsa, har haƙoransa na roba in ka matsa, amma ban da amfilifayarsa, na'urar ƙara wa jitarsa sauti. Ita kuwa jikarsa Odile da amfilifayar take so ta je wasan kiɗa a Faransa, inda wutar lantarkinsu ta kusa ninka ta Amurka. Ta zo da sukundireba a aljihu, ta iske shi a ɗakin wanki ya ɗora amfilifayar kan injin busar da kaya, riƙe da wata wayar wuta da ya harhaɗa da kansa. Ya tambaye ta ya gida.

"...lafiya lau, Pawpaw," ta ce, da sunan da take kiran kakan nata. "Ashe har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ki iya kiɗa tukuna, shi ya sa zan daɗe. Matsa, ƴar nan, makaranta muke."

"Makarantar me?"

"Soket ɗin injin nan ne kaɗai mai ƙarfin wutar Faransa a gidan nan. Zan riƙa ɗanɗana mata kaɗan-kaɗan har ta saba. Haka na koya miki cin yaji."

"Ai shi ya sa na kwana asibiti."

"Amma kin saba ko ba ki saba ba? Sannu ba ta hana zuwa."

"Tana hana amfilifaya. Wayoyin tiransifomar cikinta ake sauya wa haɗi, a canza fis, shi ke nan."

"Tiyata za ki yi mata? Ke da ko ƙwai kika fasa sai an kira ƴan kwana-kwana? Wannan da kike gani ta girmi uwarki, ta fi ta murya, kuma ba ta taɓa mayar mini da magana ba."

"Don kai kurma ne. Ta daɗe tana zaginka."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"Babban da ke neman tabaransa suna kan hancinsa? To gwada da fitilar can mu gani."

Alcide ya ɗauko fitilar, ya yi mata huɗuba kan juriya, ya jona ta. Ƙwan fitilar ya yi wani haske kamar zai faɗi gaskiya, ya ce fus, ɗakin ya cika da ƙauri.

"Wannan daƙiƙiya ce tun asali," in ji shi, yana tura amfilifayar nesa da soket ɗin da gwiwar hannu.

"Gemun ɗan'uwanta ya kama wuta, sai ka shafa wa nata ruwa."

Tsohon ya shafa kan amfilifayar.

"In kin sauya mata wayoyin, za ta yi mini kiɗa a nan?"

"A'a. Wutar gidan nan za ta yi mata kaɗan. Sai raɗa."

"Wato ku biyun za ku tafi ku zama Faransawa, ku bar ni da kwaɗin rafi."

Odile ta ji tausayinsa ya kama ta, amma ta san in ta nuna ya ci wasan.

"Kwaɗin ma sun fi ka riƙe amo."

Ya tuntsire da dariya har haƙoran suka nemi hanyar waje. Ya tura mata amfilifayar da hannu biyu.

"Ɗauki, ɓarauniya. Amma tsofaffin wayoyin nan kada ki guntule su. Naɗe su da tsawonsu ki bar su a ciki, don ke za ki dawo ki mayar da su da hannunki, ina zaune ina zaginki."