Allurar Ɗakin Kaka

A salula na karanta shi. Wai akwai wani sinadari, manganit, ƙwayoyi ne ƙanana manne da juna. Kuran, wato wutar lantarki, na shan wuya wajen tsallake iyakar da ke tsakaninsu, amma da an kawo mayen ƙarfe kusa sai hanya ta buɗe. Na ce wallahi ni ma sai na yi!

Na farfasa tsofaffin pil na tocila, na dunƙule baƙin garin da ke cikinsu, na gasa a murhun Inna. Bayan azahar na tara maƙwabta a ɗakin marigayiya Kaka, wanda ba mai shiga. Na jona wa dunƙulen na'urar awo mai allura, na matso da mayen ƙarfe. Allura ta motsa.

Sai wayar haɗin ta zame ta faɗi, amma allura ba ta daina ba. A hankali take bin hannuna.

"A'uzubillahi, tsohuwar ce," in ji Inna.

Ni na fara kai ƙofa, da takalmi ɗaya.

Malam Sani mai gyaran rediyo ya ɗauki mayen ƙarfen. "Ɗana, wannan ke jan allurar, ko babu gawayin naka."

Har yau in na ratsa kasuwar Matameye sai an ce, "Injiniya, me Kaka ta ce yau?"