Shahidin da Ya Halarci Bikin Littafinsa

Allah ya yi wa garinmu baiwa da Haj Agha Nosrat Bahramlu, shugaban ofishin tattara tarihin mayaƙa. Shekara takwas aka yi ana yaƙi da Iraƙi, shi kuwa ya yi su cif yana gadin barguna a wani sito, tafiyar kwana biyu daga inda ake harbi. Ma'aikatansa na kiransa Janar na Tebur. Ya ɗauka yabo ne.

Wata rana Ghodrat, tsohon soja mai ƙafa ɗaya, ya kawo masa labarin yaƙinsa da ya rubuta da hannunsa, don a buga shi littafi. Janar ya tsuke baki ya hau gyara. Inda Ghodrat ya ce tsoro ya hana shi barci, aka mayar da shi ɗokin shahada. Inda ya ce sun kwana uku ba burodi, aka ce azumi suka ɗauka. Ghodrat ya yi ƙorafi a hankali.

"Ɗan'uwa, kai yaƙin kawai ka yi," in ji Janar. "Mu ne muka san ma'anarsa."

A shafi na arba'in Ghodrat ya rubuta cewa abokinsa Esfandiyar ya tafi wata safiya bai dawo ba. Janar bai tambayi kowa ba. Ya ƙara shafi tara: yadda Esfandiyar ya yi shahada yana murmushi, da ƙamshin furen wardi da ya cika ramin da sojoji ke fakewa.

Ranar ƙaddamar da littafin zaure ya cika, har da gwamna. Janar ya karanta shafukan nan tara da kansa, murya na rawa, yana goge ido. Sai wani mai sanƙo da tumbi ya miƙe daga baya.

"Haj Agha, a gafarce ni, ni ne Esfandiyar. Gida na gudu, wurin uwata. Tasi nake ja yanzu."

Janar ya buga tebur. Ya ce hukuma ta riga ta sa hannu a littafin, kuma ba zai lamunci a ci mutuncin shahidi a gabansa ba, ko da shahidin ne da kansa.

Gwamna ya tuna yana da wani taro. Jama'a kuwa suka yi dogon layi a gaban marigayin, yana sa musu hannu a littafi ɗaya bayan ɗaya, Ghodrat na gefensa yana dariya har da hawaye. Janar ya tsaya shi kaɗai wajen tukunyar shayi. Wata tsohuwa ta ɗauka mai shayi ne, ta miƙa masa kofinta, ta ce ya ƙara mata sukari.