Kwalbar Tsakiya

Wani ne a nan garinmu Nam Dinh, mutumin kirki, sai dai dabara ba ta wadace shi ba. Giya kuma ba ta karɓe shi ba. Kurɓi ɗaya fuskarsa ta koma ja kamar an mare shi, don haka tun yana saurayi ya bar wa masu iyawa.

Shi ne ƙaramin suruki a gidan Baba Khiem. Rana ta biyu ta bikin Tet, sabuwar shekara, ta gidan iyayen mata ce, kuma a gidan Baba Khiem abin da ka riƙo a hannu shi ke nuna maka wurin zama. Toan, mijin babbar 'ya, kullum da kwalbar wiski yake zuwa, kullum kuma yana tabarmar manya, gwiwa da gwiwa da tsoho. Mutumin namu kuwa gwangwanin biskit ya kai bara, shekaran bara ma haka. Sai a yi masa godiya sosai, a nuna masa bakin famfo inda ake figar kaji. Tun da ya yi aure daga can yake jiyo dariyar manya, gashin kaza har cikin hancinsa. Abin yana ci masa rai ƙwarai.

Ana saura 'yan kwanaki biki, matarsa Huyen ta zaunar da shi.

"Baban yara, bana wiski za ka kai. Amma ka buɗe kunne. Ka sayi mai araha, Baba ya ce ka raina shi. Ka sayi mai tsada, ka zarce Yaya Toan, a ce ƙarami ya taka babba, sannan rufin ɗakin Baba da ke yoyo ya dawo kanka. Ta tsakiya za ka sayo. Me na ce?"

"Ta tsakiya."

Ya hau babur ya kutsa cikin masu dakon rassan fure, yana maimaita maganar har kantin Madam Sen. Ta tambaye shi nawa ya tanada. Ya ce shi ba maganar kuɗi ta kawo shi ba, ta tsakiya yake so. Ya sa ta jera masa kwalabe a kan kanta, daga mai araha zuwa mai tsada. Ya ɗora yatsa a wannan bakin, ya ɗora wani a wancan, ya dinga matso da su har suka haɗu a kan wata kwalba mai kafaɗa. Ya ce wannan.

Madam Sen ta dube shi sama da ƙasa, ta san kasuwa ta zo har gida. Ta ce au, ta manta, akwai wasu a ƙasan kanta. Ta fito da manya masu akwatin katako, ta jera su a bakin tsada. Mutumin ya sake ɗora yatsu. Tsakiya ta matsa. Ta sake tuna wasu a cikin sito. Tsakiya ta ƙara matsawa, kuma kullum wajen tsada take gudu.

Shi fa bai zargi matar da komai ba. A ganinsa layin ne ya karkace, yana neman gyara. Sai ya juya kan shiryayye ya kwaso kwalaben ruwan kifi na miya, ya jera su a bakin araha. Tsakiya ta dawo. Madam Sen ta ƙaro masu akwati. Ya ƙaro man gyaɗa. Ta ƙaro, ya ƙaro. Layi ya sauko daga kanta, ya bi ƙasa, ya fita ƙofa har bakin titi, masu sayayya suna tsallakewa suna tsaki. Da siton ya ƙare, shiryayye ta ƙare, ya bi layin da rarrafe, yatsa nan yatsa can. Suka haɗu a kan kwalbar nan mai kafaɗa ta farko.

Madam Sen ta share gumi ta ce, "Ɗauki ka tafi, ƙanena, kafin ka fara jera min buhunan shinkafa."

A hanya tayar babur ta sace, ya tsaya wajen Bang mai faci, abokinsa tun yarinta. Bang ya hango jar leda a rataye, ya tambaya, aka ba shi labari. Ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ce bana jabu ta cika gari, kwalba ta gaske, kwali na gaske, ciki kuwa ruwan kashe ƙwari. Gara mutum ya je gidan suruki hannu rabbana da ya kai jabu. Mutumin ya tambaya yaya ake ganewa. Bang ya ce hanya ɗaya ce, harshe, kuma tunda abokin nasa ba ya sha, shi zai sadaukar da nasa harshen saboda abota. Ya kira mai askin da ke kusa don shaida ta zama biyu.

Suka kurɓa, suka lumshe ido. Bang ya ce saman dai na gaske ne, amma masu jabu sun yi wayo yanzu, mai kyau suke zubawa a sama. Mutumin ya ce to a duba ƙasa-ƙasa. Aka duba. Mai aski ya ce cikin ma bai da laifi, sai dai shi a saninsa mugun abu gindi yake kwanciya. Mutumin ya ce don Allah kada su bar shi cikin shakka. Ba su bar shi ba.

Can Bang ya kife kwalba a kan kofi, ya miƙa masa hannu. "Ina taya ka murna, abokina. Ta gaske ce tun daga wuya har gindi."

Mutumin ya yi ta godiya. Sai da ya ɗaga kwalbar ya ji ta sakayau, sannan murna ta koma ciki. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya riƙe kai. Kuɗin sayen wata kwalbar babu, Huyen kuma ba ta jin irin wannan bayanin.

Bang ya dafa shi. Ya tambaye shi ko tun da yake ya taɓa ganin an buɗe kwalbar Tet. Ai ba don sha ake kai ta ba. Kabad ɗin gilashi ake sa ta baƙi su gani, ko a miƙa ta gaba ga wani babba, shi ma ya miƙa. Ya ce masa ya je ya cika ta da shayi kawai, zancen murfi ya bar masa, da gam ɗin faci komai yana komawa sabo.

To nan fa shekarun kicin suka yi rana. Mutumin ya jira Huyen ta tafi kasuwa, ya ɗora tukunya. Ya dafa ganye, ya tace, ya sake tacewa da ƙyalle. Ya ɗiga ƙonannen sukarin da ake dafa kifi da shi. Ya gwada da ɗan ɗigon da ya rage a murfi, ya ƙara, ya rage, har shi kansa ya kasa bambancewa. A rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba.

Ranar biki suka isa. Kabad ɗin Baba Khiem na nan cike da kwalaben shekaru, wasu sun yi duhu, wasu sun fara kore-kore. Toan ya sha faɗa cewa tsufa ne ke kawo haka, sai wanda ya san giya yake ganewa. Toan ya miƙa tasa mai akwati. Mutumin namu ya miƙa tasa da hannu biyu, idonsa na kan hanyar famfo.

Tsoho ya juya kwalbar, ya karanta, ya gyaɗa kai. Ya ce yau a nemi wani ya ji da kajin. Ya matsa, ya buga tabarma kusa da shi. Mutumin ya zauna, daɗi kamar ya yi kuka.

"Kun ga yaron nan, ashe yana da hankali," in ji Baba Khiem. "Irin ta Toan ta fi ƙarfin bakinmu, likitan da ke duba min gwiwa za a kai wa. Mai araha kuma ta masu kwasar shara ce. Ta tsakiya, ita ce ta sha. A kawo kofuna."

Mutumin ya yi sauri ya ce Baba, wannan ai yarinya ce, a bar ta ta manyanta. Ga tsofaffi can a kabad sun daɗe suna jira, a fara da su. Fuskar tsoho ta canza nan take. Ya ce waɗancan ba a taɓa su. Mutumin ya ce ko guda ɗaya. Tsoho ya ce ko kallon kusa ba a yi musu. Ya murɗe murfi, gam ɗin Bang ya yi ƙara kamar daga kamfani.

Aka fara tsiyaya wa kakanni a gaban hotunansu, aka kunna turare. Kakanni dai ba su ce komai ba. Aka zagaya da kofuna, aka yi wa juna fatan shekara, kowa ya kafa kai.

Kowa ya ji ɗanɗanon shayi a bakinsa.

Kowa ya san ba a furta mummunar kalma a kwanakin farko na shekara, don ita za ta bi ka har ƙarshenta. Wani kawu ya haɗiye, ya ce kai, akwai laushi. Wani ya ce ko maƙogwaro ba ta ƙonawa, abin Turawa daban ne. Toan, da ba ya yarda a riga shi, ya shinshina kofi ya ce yana jin hayaƙi da tsohon katako, ya san kamfanin nan farin sani. Aka ƙara zagaye. Kawun farko ya fara layi a zaune yana neman yin waƙa. Mutumin namu ya sha kofi bayan kofi fuskarsa ba ta yi ja ba, ana ta mamaki ashe gwani ne yake ɓoyewa.

Baba Khiem kaɗai bai yaba ba. Ya kurɓa sau ɗaya, ya ɗaga kofin saitin taga, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe, ya yafito mutumin da hannu. Suka wuce kicin, suka wuce mata, har bakin famfo inda kaji ke jiƙe a ruwan zafi. Mutumin ya ga wurinsa na kullum. Ya fara durƙusawa yana haɗa hannu.

Tsoho ya waiga hagu, ya waiga dama, ya rage murya.

"Tashi. Ka ga waɗancan na kabad? Shekara da shekaru ina cika su da shayi, ban taɓa dacewa da wannan launin ba. Daga yau kai da figar kaji kun rabu har abada. Ɗora tukunya, kafin baƙin yamma su iso."