Sautun Abin da Ba a Ƙera Ba

Jama'a, ranar Talata na sauke miya ba ta nuna ba, na hau acaɓa zuwa bakin kasuwa, duk a kan ƙwallon cikin talabijin.

Baballe ne ya ja min, ɗana mai shekara takwas. Na ce ya kawo kuɗin yawon sallarsa a cika a saya masa takalmin makaranta, sai ya hau sosa ƙeya. Wai ya ba Norbert mai shagon gem, wato wasan talabijin, sautun sabon faifan ƙwallo. Har ya gayyato yaran layinmu kaf, ya ce a ɗakinmu za a fara buga shi, a tsohuwar na'urar babansa.

Ni da ko gishirin Awe sai na ɗanɗana nake biya! Ina isa na ce, "Norbert, ina faifan?"

"Maman Baballe, zauna mana. Faifai yana hanya."

"Wace hanyar? Ta Makurɗi ko ta Akwanga?"

"Bai kai nan ba tukuna. Masu yin shi ma ba su gama ba. Amma wanda ya biya yanzu, shi ne na farko. Haka ake yi a waje."

Sai da na nemi benci. Maƙwabciyata Hembadoon, da ke kasa doya a gefen shagon, ta leƙo tana dariya. "Haba, ƙawata, mu ma muna sayar da doya tun tana ƙasa."

Na ce, "Ke ai ana ganin ganye, an kuma san inda gonar take. Wannan fa?"

Amma kada mu zalunci Norbert, ba shi ya ƙirƙiro sana'ar ba. A gaban manyanmu ya koya, Allah ya ƙara wa almakashinsu na buɗe ayyuka kaifi. Shekarar da na haifi Baballe, Mai Girma Sarkin Aza Tubali ya zo unguwarmu da makaɗa da rumfuna, ya kafa harsashin asibitin haihuwa. Muka ba da sautun ƙuri'a nan take. Tubalin yana nan lafiya lau, ingantacce ne, awaki ma sun shaida, a kansa suke shan hantsi. Zulfa kuwa, ƙanwar Baballe, saura kaɗan na haife ta a cikin keke napep. Duk wanda ka tambaya labarin asibitin, sai ya ce yana hanya. Norbert dai ko banza ya ba ni wurin zama, kuma bai zo da jiniya ba.

Na ce ya maido kuɗin, ya ce sun riga sun tafi Onica. A nan na tsaya tunani. In na tada rigima har aka fasa, yaran layi za su sa wa ɗana suna maƙaryaci, ba na kuma son ya girma yana ganin duk babban da ya ce "yana hanya" ya gama da shi ke nan.

Sai na hango hannayen gem, waɗanda yara ke latsawa, a gaban talabijin. Na zare ɗaya, na naɗe wayarsa tsaf, na jefa a jaka.

"Haba Madam! Yaya yara za su buga?"

"Kwantar da hankalinka, shi ma yana hanya. Ranar da faifai ya iso, zai iso."

Hembadoon har da riƙe ciki: "Norbert, kai ne na farko a layi!"

To iyaye mata, shawarata ita ce, abin da ba a gama ƙerawa ba, a bari a gama, faifai ba ya ruɓewa. In kuwa yaro ya riga ya biya, a riƙe wani abu. Yanzu kullum Norbert na buga waya Onica, har gida yake zuwa gaishe ni ya ba Baballe labarin inda aka kwana.

Abin da ke ci min rai ɗaya ne. Ranar aza tubalin nan, a ƙofar gidanmu aka ajiye motar Mai Girma, makulli a jiki, direba ya tafi cin shinkafa, ni kuwa ina can da goyo ina tafi.