Ƙwan Tasallah a Bakin Gada

A wani daji da kogi ya raba biyu, gada ɗaya ce tak, kuma a bakinta kwastan suke zaune. Ofis bakwai ne, kowanne da rumfarsa da hatiminsa, amma biyu ne matafiya ke rage murya in za su ambata. Na farko na Goggo Beguwa ne, mai duba kaya. Ba ta kwance ɗauri, ba ta tambaya. Ƙaya ɗaya take zarowa daga bayanta ta caka a kayanka, ta sansana, ta buga hatimi. In gero ne, ɗan kaɗan ya zube. In ƙwai ne, ɗaya ya tafi ke nan. Na biyu na Shaho ne, mai kula da duk abin da ke da rai amma ba shi da takarda. Irin waɗannan yakan ɗauke su ya kai kan dutse a killace su, a duba lafiyarsu. An ce ana kula da su sosai a can. Ba a dai taɓa samun wanda ya dawo ya ƙaryata ba.

Tasallah zabuwa ce 'yar kasuwa, ta daɗe tana tsallake gadar nan da busasshiyar gara. Wata damina ta sa ƙwai goma sha ɗaya a fadama. Kwana shida da fara kwanci, ruwa ya taso har bakin sheƙa. Ta shimfiɗa ciyawa a kwando, ta jera su, ta nufi tudun da ke ƙetare.

Da ta iso ta tarar da taro. Kunkuru, shugaban Kwamitin Daidaita Gyaran Gada, ya hau kan suri yana jawabi.

"Jama'a, zamanin caka ya wuce. Rumfuna bakwai za su koma ɗaki ɗaya mai taga ɗaya. Mun ɗauko Malam Jemage daga dajin nesa, masani ne, da kunne yake jin abin da ke cikin kaya ba tare da ya taɓa ba. Abin da ofis ɗaya ya sani, nan take sauran za su sani. Kayan da ofis ɗaya ya duba ya buga wa hatimi, babu wanda zai sake taɓa shi. Jibi, in Allah ya kai mu, za a buɗe."

Aka yi tafi har da guɗa. Goggo Beguwa ba ta tafa ba. Ta hango Tasallah ta yafito ta.

"Ke Tasallah, kawo kwandon nan in caka ki wuce tun da sauran rana."

"Goggo, ai jibi aka ce. Goma sha ɗaya na sa, goma sha ɗaya nake so in ƙetarar."

"To, Allah ya kai mu jibin."

Ni dai ban ga laifin Tasallah ba. Wace uwa ce za a ce mata ta jira kwana biyu ta tsira da ɗanta, ta ce tana sauri?

Washegari aka rushe tsofaffin rumfuna, domin wajen rushewa kwamitin nan ba ya ɓata lokaci. Jibi ya zo, ɗaki bai buɗu ba. Ashe ba a shirya kan wanda zai zauna kusa da taga ba. Aka yi mako ana wannan. Da aka gama sai aka tashi da maganar hatimin wa zai zo a sama. Kunkuru ya kafa ƙaramin kwamiti ya daidaita babban, shi ma ya shugabance shi da kansa, da irin saurin da aka san shi da shi. Ita kuwa Goggo Beguwa ta ce ba za ta sa hannu ba sai an bar mata abin yi, ba za ta tsufa a banza ba. Don a rabu da ita aka ƙara layi ɗaya a ƙasan doka: an hana caka, sai dai in mai kaya ne ya nema. Kowa ya yi dariya, don ba a ga wawan da zai nema ba.

Duk wannan Tasallah na cikin layi, kwance a kan kwandonta. A baya ruwa ya shanye fadama, babu komawa. Kullum da safe sai ta ƙirga kwanaki, ta sake ƙirgawa ko ta yi kuskure. Ƙwan zabuwa kwana ashirin da takwas yake yi. A rana ta ashirin da shida ta ji wani abu a ƙarƙashin ƙirjinta, ƙyas, ƙyas, kamar ana taɓa ƙwarya da tsinke. Daɗi ya fara kama ta. Sai ta ɗaga kai ta ga Shaho a kan rufin sabon ɗaki yana gyara fiffike. Tsoro ya rufe ta.

Kwana biyu bayan haka aka buɗe taga. Gaskiya layi ya yi sauri, ba a taɓa ganin haka ba. Kafin hantsi aka zo kanta.

Ta sunkuya ta raɗa wa kwando, "Ku yi shiru, 'ya'yana. Don Allah ku yi shiru, yanzu za mu wuce."

Ta cikin taga ta ga kwastan su bakwai a jere. Shaho da a da rumfarsa ke can ƙarshen gada, yau ga shi kafaɗa da kafaɗa da Goggo Beguwa. Malam Jemage na rataye a azara, kai a ƙasa. Ya karkato kunne. Bawan Allah ne marar mugunta, aikinsa kawai ya iya.

"Akwai rai a ciki," ya ce. "Goma sha ɗaya."

Shaho ya miƙe a hankali. "Madalla. To ai wannan ba kaya ba ne, 'yar'uwa, matafiya ne. Ina takardunsu?"

"Ranka ya daɗe, ko suna ba su da shi tukuna."

"Shi ya sa. Kada ki damu. Kwana arba'in ne kawai a kan dutse, iska mai kyau, ni da kaina zan duba su."

Tasallah ta juya ga Kunkuru. "Shugaba, kai ka ce jibi. Da ƙwai na zo. A layinku suka yi rai."

"Baiwar Allah, ni nawa daidaitawa ne, ba na shiga aikin kowane ofis. Ki rubuto, za mu duba a zama na gaba."

Shaho ya miƙo farce zuwa kwando. A nan ne Goggo Beguwa ta yi magana, ba tare da ta kalli kowa ba, kamar mai gunaguni ita kaɗai.

"Ni dai ɓawo nake gani, ɓawo kuma kaya ne. Abin da na buga wa hatimi ba mai taɓawa. Amma an hana ni caka. Sai in an nema."

Tasallah ta gane. Ta so a ce ba ta gane ba.

"Malam Jemage," ta ce, "don girman Allah ka sake saurarawa. Babu ko ɗaya da ya lalace a ciki?"

Ya saurara da kyau, ɗaya bayan ɗaya. "Duk lafiyarsu ƙalau. Na taya ki murna."

"Goggo." Tasallah ta tura kwandon gaban Goggo Beguwa. "Ina roƙo ki caka."

"Ɗaga murya, 'yar nan, magatakarda ya ji."

Ta ɗaga, aka rubuta.

"Wanne?" in ji Goggo. "A da ni ke zaɓa. Yanzu mai kaya ne."

Duka goma sha ɗayan suna ta ƙwanƙwasa, don sun ji muryar uwarsu kusa. Tasallah ta rufe ido ta tura ɗaya da baki. Yana ta kuka siriri a cikin ɓawo har lokacin da ƙayar ta shiga. Goggo ta sansana, ta buga hatimi. Shaho ya buɗe doka ya karanta har ƙasa, ya naɗe fiffike ya zauna. Shi mai bin doka ne.

Ta tsallake gada ba ta waiwaya ba. Goma suka ƙyanƙyashe a tudu kafin la'asar, masu ƙoshin lafiya. Har suka girma, in ta tashi ƙirga su sai ta kai goma ta tsaya da baki a buɗe.

Ƙarshen wata Kunkuru ya sake hawa suri ya karanta rahoto. Ya ce wucewa da a da ke cin yini yanzu ba ta kai shan ruwa, in an ƙirga daga bakin taga. Ya ce tun da aka buɗe, kaya ɗaya tak aka caka, shi ma mai shi ce ta roƙa da bakinta, akwai shaidu bakwai.