Dokar Waken Suya

A Garken Fadama, inda aladu ke mulkin kansu a cikin katangar da ba su suka gina ba, abinci iri biyu ne: waken suya, mai gina jiki, da dusa, mai cika ciki kawai. Kullum da safe Mai Takalmin Roba yakan zuba su ya tafi. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, don alade ba ya ɗaga kai.

Rabon kuwa na majalisa ne. Ran da aka kafa dokar, Sarki Rusheshe ya miƙe da ƙyar ya ce, "Ya ku jama'a, bincike ya tabbatar cewa cikin ƙaton namiji ya fi narkar da wake. Yara sukan kasayar da shi ɗungurungum, mata kuwa nasu a nono yake tsiyayewa. Asara ce ba za mu lamunta ba. Daga yau wake na masu riƙe shi ne."

Fadawa suka ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe!"

Aka naɗa Buzuzu Sarkin Bincike. Duk ɗan da aka yaye, sai a ba shi wake na gwaji, washegari Buzuzu ya tona kashinsa. In an ga ƙwaya, dusa har abada.

Akwai wata uwa, Gwamma, mai ɗa ɗaya da ya rayu, Tunau, siriri kamar tsinke. Ita kam ba ta yarda ɗanta ya ƙare a dusa ba. Ran gwajinsa, kafin Buzuzu ya iso ta sa hanci ta tsince ƙwayoyin da ke kashinsa tas, ta haɗiye.

Buzuzu ya juya, ya sake juyawa, ya ce, "Ikon Allah! Wannan cikin manya ne."

Tunau ya shiga sahun masu wake. Ya yi wuya, ya yi tumbi, har aka ba shi mazauni kusa da Sarki. In ya wuce, Gwamma sai ta ji kamar ta yi guɗa.

Amma fa akwai wata al'ada da majalisa ba ta son zancenta. Lokaci-lokaci mota kan tsaya a bakin ƙofa, Mai Takalmin Roba ya shigo yana latsa bayan manya. Wanda ya zaɓa, sai a ce ya tafi wakiltar garke a birni. Wakilan nan dai ba wanda ya taɓa dawowa ya ba da rahoto.

Da bikin ƙarshen shekara ya matso, motar ta zo. Aka ɗauki Rusheshe, aka ɗauki Tunau. Yana ihu yana kiran "Inna! Inna!" har motar ta sha kwana.

Sabon Sarki ya tara jama'a ya ce, "Gwamma, ki yi alfahari. Ɗanki ya samu ɗaukaka."

Ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Zuciyarta kuwa ta ƙone ƙurmus, don ta san da hancinta ta tura shi cikin motar nan.

Da damina ta sake haihuwa. Aka yaye 'ya'yan, aka ba su waken gwaji. Ɗaya daga cikinsu, tubarkalla, cikinsa ya narkar da shi sarai, ko ƙwaya babu.

Gwamma ta daɗe tana kallon kashin. Can ta hango Buzuzu tafe. Sai ta tofo waken da ta sata daga na gwajin ta ɓoye a kumatu, ta tura shi cikin kashin da hanci, ɗaya bayan ɗaya.